Agogo Shida a Motar Surukina

Agogo shida ne a gaban motar surukina, kuma a cikin shidan nan guda ɗaya kaɗai ya san amfaninsa, wato na gudu. Sauran biyar ɗin a wurinsa ado ne, kamar aikin da tela ke yi a wuyan riga. Ni kuwa makanike ne, a lokacin ina aiki a garejin ma'aikatar gona a Haɗeja, hannuna ba ya rabuwa da baƙin mai, saboda haka duk sanda na hango motar nan sai in girgiza kai in wuce.

Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta. Alhaji ya sayo ta a Kano a hannun wani Bature injiniyan ruwa da zai koma gida, a shekarun nan da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa ya tashi neman abin hawa. Shi fataucin busasshen kifi yake yi, yana da manyan motoci biyu masu kai kaya Kudu, kuma kifi kam ya san shi kamar yunwar cikinsa. Mota ce dai bai sani ba, kuma duk unguwar ba wanda ya isa ya gaya masa haka.

Ranar da ta iso, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar gidansa, kowa yana leƙe ta taga. Alhaji ya sa yatsa a kan lambar ƙarshe ta agogon gudu yana nuna wa dattawa, su kuma suna girgiza kai suna cewa Bature ya gama aiki. Ba wanda ya tambaya a wace hanyar za a yi wannan gudun, alhali daga nan zuwa Kafin Hausa rabin tafiyar kauce wa jakuna ne. Matata, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ta je ta leƙa ta soro ta dawo tana dariya. Ta ce ita dai ba ta ga inda za a ajiye buhun shinkafa ko ɗaya ba.

Manyan agogo biyu suna bayan sitiyari, na gudu da wanda ke nuna juyin inji. Wannan na biyun Alhaji ya ɗauka shi ma gudu yake ƙirgawa, sai dai da wani lissafi na Turawa, don haka in ya ga allurarsa ta miƙe sai ya ji daɗi. Ƙanana huɗu suna jere a tsakiya, a saman rediyo. Na fetur ba direban da ya yarda da shi a ƙasarmu, kowa kara yake zurawa a tanki ya duba, sannan ya ajiye jarka a but ɗin baya. Na cajin batir kuwa, in ma ya yi magana, abin da zai faɗa bai wuce a tura mota ba, kuma ba a rasa masu turi. Saura na ƙarfin baƙin mai da na zafin ruwa. Waɗannan biyu su ne ran injin, kuma a gabansu Alhaji ya ga ya dace ya riƙa jingina ƙunshin goronsa.

Wanda ya koya mini aiki wani tsohon direban soja ne, masifaffe na ƙarshe. In za mu fita gwajin mota sai ya yanko kwali ya rufe agogon gudu. Yakan ce kunnenka ya san gudu, cikinka ya sani, bishiyoyin bakin hanya ma suna gaya maka, to me za ka yi da agogo? Abin da jikinka ba ya ji shi ne zafin da ke cikin ƙarfe da man da ke zagaya shi, kuma kafin hancinka ya ji ƙauri ɓarna ta riga ta auku. Ya taɓa ƙwala mini sifana a ka don na yi tafiyar mil guda ban kalli allurar zafi ba. Na ji haushinsa a ranar, amma kallon ya zauna mini. Har yau in na shiga motar wani, kafin in gaida direba idona ya riga ya sauka a kan wannan allura.

Mota mai gudu kuwa ta fi kowace buƙatar wannan kallon, domin injinta da zafi yake aiki, iskar da ke sanyaya shi kuma gudun ne ke kawo ta. Ta Alhaji bakin da take shan iskar a can ƙasa yake, bai fi taƙi ɗaya daga turɓaya ba. Tun ranar farko na san abin da zai faru in aka shiga fadama da ita. Ciyawar tsakiyar hanya za ta riƙa shiga bakin nan, tsabarta ta toshe lagireto mai sanyaya ruwan inji, ruwa ya tafasa.

To amma wa zai faɗa? Mu asalinmu Fulani ne, su Alhaji ma haka, duk da cewa a cikinmu ba sauran mai iya tatsar saniya. Shanun sun tafi, kunyar ta zauna. Ban taɓa cin abinci a inda zai gan ni ba. In na hango shi a lungu sai in sake hanya, in kuma ba dama sai in tuɓe takalma in durƙusa, idona a ƙasa, in ce, “Baba, barka da yamma,” in jira ya wuce. Shi ma bai taɓa kawo mini motar ba, gwamma ya kai ta har Kano a sake mata mai da ya aika a kira mijin 'yarsa. 'Yar tasa ma ba ya kama sunanta, tunda ta fari ce. Ana yaye ta aka kai ta wurin yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, a wani ƙauye gab da Guri, a can ta girma. In dole ta sa zai yi maganarta, sai ya ce “mutanen ƙauye”.

Na gwada bin hanyar da ake bi. Na yi wa matata bayanin lagireto da tsabar ciyawa dalla-dalla, ta gaya wa ƙanwar mahaifiyarta, ita ta gaya wa mahaifiyar, ita kuma ta kai wa Alhaji. Bayan mako guda amsa ta biyo ta hanyar da saƙon ya bi. An ce Alhaji ya gode, Allah ya yi albarka, ga goro biyu. Har yau ban san abin da ya isa kunnensa ba.

Da cikin matata na fari ya tsufa, aka mayar da ita gidan Gwaggo goyon ciki, kamar yadda aka saba. Na so ta zauna a gari kusa da asibiti, amma mijin da bai taɓa haihuwa ba ba ya sa baki a irin wannan magana, sai a ce ba shi da ta ido. Haka aka tafi da ita.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta sunkuya. Wata Talata da hantsi ina ƙarƙashin wata tarakta sai na ga ƙafafun aminin Alhaji, wani tela mai sanyin magana da kowa ke kira Malam. Ya ce in fito, Alhaji na nemana. A hanya ya gaya mini cewa direban wata motar kifi ya zo da saƙo: tun jiya matata take naƙuda, abin ya ƙi, ungozoma ta ce a zo a kai ta asibiti. Na ruga ofis neman jif ɗin ma'aikata, aka ce ta tafi Malam Madori da babban jami'i, sai yamma. Motocin Alhaji biyu duk suna Kudu. Na zura filaya da sukundireba da ɗan guntun waya a aljihu, muka tafi.

Na tarar da Alhaji tsaye a jikin jar motar, makulli a hannu. Na durƙusa.

Ya ce, yana kallon katanga, “An ce mutanen ƙauye ba su ji daɗi ba. Za mu je mu duba.”

Na ce, “To, Baba.”

Iyakar abin da muka ce ke nan a kan matar da ke tsakanin rai da mutuwa, shi ubanta, ni mijinta. Malam ya kwantar da kujerar gaba, na lanƙwashe na shige baya, gwiwoyina a haɓata.

A kan burji Alhaji ya sake ta. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ina da fiffike da na tashi. Kwazazzabon farko da muka daka, ƙunshin goron ya yi tsalle ya faɗa ƙafar Malam, ƙananan agogon nan suka fito fili, kuma daga inda nake zaune, ta tsakanin kujeru biyu, na fi mai motar ganinsu. Allurar zafi tana tsakiya, ta baƙin mai tana sama. Na ce a raina in dai haka za a tafi, alhamdu lillahi.

Daga nan muka sauka daga burji muka shiga hanyar fadama. Wanda bai san ta ba, ba hanya ba ce, sawun taya ne guda biyu, a tsakaninsu doron ƙasa mai ciyawa har gwiwa, hagu da dama shinkafa da ruwa. Motar ta shiga aske ciyawar nan da bakinta, ina jin ƙararta a ƙarƙashinmu, tsaba tana tashi tana manne wa gilashi. Taɓo ya hana gudu. Alhaji ya ga allurar da yake ƙauna ta kwanta, ransa ya ɓaci, ya sa ƙaramar giya ya danne totur. Inji yana kururuwa, mota tana rarrafe, ba iska. Duk abin da ake gudu ya haɗu wuri ɗaya.

Daidai wata tsamiya da masunta ke shanya taru, allurar zafi ta bar tsakiya. Na gan ta. Ina so wannan ya fito sarai, domin daga baya mutane sun yi ta cewa ba wanda ya san abin da zai faru. Ni na sani. Da a nan muka tsaya, na tsinke ciyawar da tsinke, na ƙara ruwa, da ba mu ɓata lokacin da ya wuce na shan fura ba.

Na yi gyaran murya. Ba wanda ya waiwayo. Na matsa bakina kusa da kunnen Malam na ce masa a hankali, “Inji ya fara zafi, a tsaya in share gaban motar.”

Malam ya gyaɗa kai, ya gyara hula, ya ce, “Alhaji, ko za mu ɗan tsaya a inuwar can a sha ruwa?”

Alhaji ya ce, “Wa ke jin ƙishirwa?”

Muka wuce inuwar.

Na zuba wa allurar ido tana hawa a hankali, kamar ruwa a tukunyar da aka ƙara wa wuta. Na sake jawo rigar Malam. Wannan karon na ce, “Malam, ka gaya masa yadda na faɗa. In ba a tsaya ba injin zai ƙone.”

Ya juyo ya dube ni kamar na zagi wani. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Haba, ɗan nan. In dubi Alhaji in ce masa motarsa za ta ƙone? A irin wannan rana?” Sannan ya juya gaba ya ce, “Alhaji, yaron nan yana yaba injin ƙwarai. Ya ce dai irinsa lallaɓa shi ake yi.”

Alhaji ya ce, “Baturen da ya sayar mini ya ce ba ta taɓa ba shi kunya ba.” Ya ƙara danna totur.

Wallahi a lokacin nan da zan iya shaƙe Malam da na shaƙe shi. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, kuma wannan halin nasa shi ne ya ƙona mini rai a ranar. Duk maganar da ka ba shi sai ya goge ta, ya ninke, ya fesa mata turare kafin ya miƙa. Amma in zan faɗi gaskiya, tsakanina da kunnen Alhaji bai kai kamu ɗaya ba. Ba abin da ya hana ni buɗe baki sai abin da aka raine ni a kai. Yaya zan ce wa surukina bai iya tuƙi ba, a gaban amininsa? Yaya zan nuna na fi shi damuwa da 'yarsa? Akwai kuma wani abu da na daɗe ban yarda da shi ba: ni ma ba na son a tsaya. Sai na shiga ciniki da allurar. In ce bari mu kai giginyar can. In mun kai, in ce bari mu haye wancan ruwan. Ni da aka ƙwala wa sifana a ka don wannan allura, na zauna ina roƙonta kamar tana ji.

Da allurar zafi ta taɓa jan layi, sai ta baƙin mai ita ma ta fara sauka, don man ya yi zafi ya tsinke. Nan na san an zo ƙarshe. Ƙauri ya shigo. Na ji muryata ta fita da kanta.

“Baba, kashe motar.”

Wuyansa ya sandare. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa masa kalma uku ba in ba gaisuwa ba, yau ga shi ina ba shi umarni. Bai kai ga yanke abin da zai yi da ni ba sai muka ji fus, farin tururi ya turnuƙe gilashi. Ya taka birki. Na miƙa hannu ta kan kafaɗarsa na murɗe makullin.

Kafin in fito daga ramin da nake, har ya buɗe bonet, ya naɗe hannu da babbar riga zai kwance murfin lagireto. Na yi tsalle na damƙe masa wuyan hannu. Da ya buɗe, da fuskarsa ta saɓule. Muka tsaya haka, hannuna mai baƙin mai a kan farar rigarsa, Malam yana ta salati, ban sani ba ko don tururin ne ko don na taɓa Alhaji. Na sake shi na ce, “A yi haƙuri, Baba. Sai ya huce.”

Kan ka ce kwabo masunta sun taru, kowa da shawararsa. Wani ya ɗebo ruwa a gora zai sheƙa wa injin, na daka masa tsawa, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi tsaga shi yake yi. Wani ya ce a tura ta cikin ruwa gaba ɗaya. Wani tsoho ya ce shi ya san wurin nan, ba a wucewa da jan abu da tsakar rana. Malam ya ce ko ma dai a gwada ruwan kaɗan, ai mutumin ya riga ya ɗebo. Na ce duk wanda ya matso da ruwa zan fasa masa gorar. Ban san ina da irin wannan bakin ba sai ranar.

Da na leƙa gaban lagireto, tsabar ciyawa ta saƙe shi ruf kamar tabarma, ko allurar ɗinki ba za ta shige ba. Tiyon ruwa na sama ya tsage tsawon yatsa. Na zauna a taɓo ina tsinke ciyawar ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, ina jiran ƙarfe ya huce, kuma ƙarfe ba ya sauri don kana sauri. Wani masunci ya ba ni tsohon tib na kekensa, na yanka shi siri-siri na naɗe tiyon, na ɗaure da waya. Na cika ruwa, na tayar, ya tsiyaya. Na kwance na sake. Rana tana ta tafiya.

Alhaji ya koma gefe. Ya yi alwala a bakin ruwa, ya yi azahar a kan kunyar shinkafa, ya daɗe a zaune. Da na ɗago kai na gan shi yana ƙoƙarin ɓare goro, goron ya suɓuce ya faɗa ruwa, bai ko bi shi da kallo ba. A nan haushinsa ya fita daga raina, tausayinsa ya shiga. Gudun nan da yake yi shi ne kaɗai hanyar da aka bar masa ta cewa yana tsoron kada 'yarsa ta mutu.

La'asar ta kusa kafin ɗaurin ya riƙe. Da za mu shiga na ce, “Baba, ni zan zauna gaba.” Malam ya lanƙwashe ya shige baya. Na sa yatsa a kan agogon zafi na ce, “Wannan za mu bi. In ta wuce nan, a tsaya.” Sau biyu na ce a tsaya, sau biyu ya tsaya ba musu, na fita na share ciyawa muka ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ashe da ma zai tsaya.

Mun tarar da mata cike da tsakar gidan Gwaggo. Aka fito da matata a tabarma, fuskarta ta yi fari, leɓenta ya bushe, ba ta ko iya ɗaga kai. Alhaji ya juya baya ya tsaya yana kallon rumbu. Sai ga wata sabuwar masifa: ta ina za a shigar da mai naƙuda bayan mota mai ƙofa biyu? Aka yi ta juya ta ana gwadawa tana nishi, kowa yana ba da umarni. Na ture su, na kwance kujerar gaba da filaya na ajiye ta a gindin bishiya, aka shimfiɗa tabarma da zannuwa a wurin, aka kwantar da ita, kanta a cinyar Gwaggo da ke zaune a baya. Wuri ya rage na mutum ɗaya, mai tuƙi.

Alhaji ya daɗe yana juya makullin a hannunsa. Ba wanda ya taɓa zama a kujerar nan in ba shi ba. Ya miƙo mini, fuskarsa a gefe.

“Ku tafi. Ni da Malam za mu biyo motar kifi gobe.”

Komowar nan ba na son tuna ta. Ga mota mai gudu a hannuna, ga matata tana nishi a gefen ƙafata, ni kuma idona a kan wata 'yar allura. Ban ko kalli agogon gudu ba. Duk sanda allurar ta haura sai in tsaya in fita in share ciyawa, in ɗebo ruwa in ƙara, domin ɗaurin tiyon yana ɗiga. Gwaggo kuwa ba ta bar zagin da ba ta yi mini ba.

“Kai wane irin mutum ne? Yarinya tana mutuwa kana tsintar ciyawa? Ubanta ya ba ka mota ka zo ka yi mata shara?”

Na ce, “Gwaggo, in ban tsaya ba a nan za mu kwana.”

Ta ce, “Da ma an ce kai ba ka da zuciya.”

A tsayawa ta uku matata ta buɗe ido ta dube ni, ta ce da ƙyar, “Yi abin da ka sani.” Gwaggo ta ɗora hannu a cikin ta ce har yanzu yana motsi. Da muka hau burji na sake motar, iska ta shiga, allurar ta sauko ta zauna a tsakiya abinta, kamar ba ita ba.

Ana kiran magariba muka shiga asibiti. Suka karɓe ta da gudu, ba su ɓata lokaci ba. Na zauna a baranda, taɓo ya bushe a jikina. Bayan wani lokaci wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce uwar za ta tashi, in Allah ya yarda. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Na tambaye ta abin da bai kamata in tambaya ba. Ta ce bai daɗe da tafiya ba, da da la'asar muka iso da wataƙila an same shi.

Washegari Alhaji ya iso a bayan motar kifi, rigarsa tana warin banda, sawun yatsuna har yanzu a hannun rigar. Aka yi jana'iza, aka zauna gaisuwa. Kowa ya ce haka Allah ya so, ni ma na ce haka, kuma na yarda. Alhaji ya faɗa a gaban jama'a cewa motarsa ce ta ci amanarsu. Malam ya ce ai yaron nan ya yi ƙoƙari, ba don shi ba da an rasa biyu. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Ina durƙushe ina amsawa, kowace albarka tana sauka a kaina kamar garwashi.

Sai da matata ta yi arba'in ta dawo ɗakinta. Wata rana da hantsi tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba, ta ce, “An ce tun kafin rana ta take kuka bar gari. Me ya tsayar da ku?”

Ina iya cewa mota ce, kowa haka ya ce. Sai na gaya mata duka: tsamiyar, allurar, raɗar da na yi wa Malam har sau biyu, da tazarar da ke tsakanin bakina da kunnen mahaifinta.

Ta ce, “Ka gani tun a tsamiyar?”

Na ce, “Na gani.”

“Kunyarsa ka ji?”

Na ce, “I.”

Ta ci gaba da tsince shinkafar, tana fitar da tsakuwa tana ajiyewa a gefen faranti. Na zaci za ta yi faɗa, har na so ta yi. Can ta ce, “Ni kuma tun azahar nake kasa kunne. Duk abin da ya yi ƙara sai in ce wa Gwaggo ga su nan.”

Ta tashi ta kai shinkafar madafa. Mun haifi 'ya'ya biyar bayan wannan, ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa samun bakin roƙonta gafara ba.